Yadda ake tare cuta a ƙofar garke, da abin yi idan ta riga ta shigo

Yawancin cututtukan da ke cinye garke da ƙafarsu suke shigowa. Karsana ce da aka sayo jikinta yana ƙyalli, ko bunsurun da aka aro don barbara, ko kajin da aka kai kasuwa ba su sayu ba aka dawo da su akurki. Ranar da dabbar ta shigo babu abin da ido zai gani a jikinta, domin kowace cuta tana da kwanakin da take yi a ɓoye kafin ta bayyana. Ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, yakan ɗauki kwana 2 zuwa 14, kuma dabba tana iya fara yaɗa shi kwana huɗu kafin ƙurajen su fito. Annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR takan yi kwana 4 zuwa 6. Ciwon huhun shanu kuwa yana iya kwantawa daga mako uku har wata shida.

Wannan ɓuyan ne ke cin mutane. A Biritaniya a shekarar 2001, kafin a gano boru a wata mayanka, tumakin da suka kamu sun riga sun ratsa kasuwanni sun bazu a faɗin ƙasar, saboda tunkiya ba ta cika nuna alamar cutar sosai ba. Kafin a shawo kan lamarin sai da aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6.

Killace duk baƙuwar dabba

Dabbar da ta shigo daga waje ta yi kwana 30 ita kaɗai kafin ta haɗu da 'yan gida. Taka ce ma, idan ta je kasuwa ko aka ba da aronta ta dawo, baƙuwa ce. Wurin killacewar ya zama inda ba za ta haɗa hanci da sauran ba. Idan fili ya yi ƙaranci a yi shinge biyu, a bar aƙalla mita 3 a tsakaninsu, kuma a duba gangare don kada ruwan sama ya ɗebi kashinta ya kai wa garke. Kominta daban, bokitinta daban, shebur da tsintsiyarta daban. Mai kula da dabbobi ya gama da na gida tukuna sannan ya je wurinta, daga nan sai wanke hannu da takalmi.

A cikin kwanakin nan ana auna zafin jikinta kowace safiya, a ba ta maganin tsutsar ciki, a kashe kaska da ƙwarƙwatar jikinta, a yi mata allurar rigakafin da sauran garken suka samu. Idan ta yi rashin lafiya, ko aka ƙara wata sabuwa a wurin, lissafin kwana 30 ya koma farko. Nan ne mutane da yawa ke karya dokarsu da kansu.

Kwana 30 ba ya kama komai. Saniyar da ta taɓa yin ciwon huhu ta warke tana iya ɗauke da ƙwayar a cikin wani ƙulli a huhunta, wata rana wahala ko yunwa ta fasa shi ta fara tari a tsakiyar garke. Bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari, da tarin fuka ma haka suke yin shiru. Waɗannan sai gwajin jini, ko gwajin fata na tarin fuka, da kuma sanin tarihin garken da dabbar ta fito. Shi ya sa sayen dabba kai tsaye daga garken da aka san lafiyarsa ya fi sayen wadda ta kwana a kasuwa cikin dabbobin da suka fito daga wuri goma.

Ga masu kaji, tsarin da ya fi tsaro shi ne a zuba tsara ɗaya a ɗaki ɗaya, su fita tare, a share ɗakin kafin wasu su shigo. Kada a haɗa kaji da agwagi, domin agwagwa tana iya ɗauke da murar tsuntsaye tana kiwonta lafiya lau, kaza kuwa ta faɗi. A sa raga a tagogi, a rufe abinci da tankin ruwa don kada tsuntsayen daji da ɓeraye su yi kashi a ciki. Kiret ɗin ƙwai na takarda da ya fita kada ya dawo, tunda ba ya wankuwa. Masu kiwon aladu kuma su guji ragowar abincin da ke da nama a ciki: ƙwayar zazzaɓin aladu na Afirka tana yin watanni a cikin nama, kuma cutar ba ta da magani.

Takalmi, taya da hannu

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da aka fi mantawa da ita ita ce mutum. Dillali, mahauci, mai kawo abinci, mai ɗibar taki, har da mai yin allura, duk daga wani garke suke zuwa. Wanda ba shi da aiki a cikin garke ya tsaya a waje. Wanda dole ya shiga a ba shi takalmin roba na gida. Motar ɗaukar dabbobi ta tsaya a bakin ƙofa a kai mata.

Kwanon tsoma ƙafa da ake ajiyewa a ƙofa yana aiki ne kawai idan an kankare takalmin da buroshi da ruwa kafin a tsoma. Kashi da laka suna kashe ƙarfin maganin, kuma kwanon da ya kwana uku ya yi baƙi ya zama wurin ɗaukar cuta. A sauya shi kullum, a rufe shi daga rana da ruwan sama.

Haka dokar take a wankin ɗaki ko turke. A kwashe taki da shimfiɗa a bushe, a wanke da sabulu da ruwa har sai babu dauɗa, a bari ya tsane, sannan a fesa magani har ko'ina ya jiƙe, a bar shi aƙalla minti 10 zuwa 30, a bari ya bushe sarai. Fesa magani a kan kashi asarar kuɗi ce.

Haɗin ma yana da ƙa'ida. Bilic na gida mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, a zuba awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, kuma a haɗa sabo kullum domin yana sanyi da wuri. Ƙwayar boru ba ta jure tsami ko kanwa mai ƙarfi, don haka ana kashe ta da sodar wanki giram 400 a lita 10 na ruwa, ko soda mai ƙuna giram 200 a lita 10, ko garin sinadarin tsamin lemo giram 20 a lita 10. Baƙin maganin nan mai warin asibiti da ke yin fari idan an zuba shi a ruwa ba abin dogaro ba ne a kan boru, duk da yana kashe wasu ƙwayoyin. Kada a haɗa mai tsami da soda, suna kashe juna. Kada a haɗa bilic da mai tsami, yana fitar da hayaƙi mai guba. Soda mai ƙuna tana cin fata da ido da kwanon alminiyam, saboda haka a sa safar hannu da tabarau, kuma sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kanta.

Rigakafi, da dalilan da ke sa ya ƙi aiki

Rigakafi ne ya kawar da annobar shanu da ake kira bushiya daga doron ƙasa, aka sanar da ƙarewarta a 2011, kuma yanzu Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya suna neman yi wa PPR haka nan da 2030. Allurar PPR guda ɗaya tana kare akuya ko tunkiya aƙalla shekara 3. Ta ciwon huhu, da ta ciwon saifa mai kashe dabba farat ɗaya, da ta harbin daji mai kumbura cinya, duk shekara ake maimaitawa, kuma a yi su kafin lokacin da cutar ta saba tashi a yankin. Ta boru ta fi wuyar sha'ani: kariyarta kamar wata 6 ce, kuma ƙwayar iri bakwai ce, rigakafin wani iri ba ya kare dabba daga wani. Dole likita ya san irin da ke yawo a yankin kafin a sayi allura.

Idan aka ji an ce an yi rigakafi amma dabbobi sun mutu, galibi ɗayan waɗannan ne ya faru.

Zafi ya kashe maganin tun kafin ya shiga jiki. Yawancin alluran rigakafi suna son sanyin digiri 2 zuwa 8, daga kamfani har bakin sirinji. Kwalbar da ta yini a aljihu ko a kan teburin shago ta riga ta mutu, kuma babu yadda ido zai gane. A ɗauko ta a kula mai ƙanƙara. Amma masu ruwa-ruwa irin ta boru da ta harbin daji kada su daskare, daskarewa tana lalata su, don haka a sa kwali ko tsumma tsakanin kwalba da ƙanƙara. Masu zuwa a busasshen gari kuma, da zarar an narka su da ruwansu mai sanyi, a gama da su cikin awa ɗaya zuwa biyu, a inuwa, ragowar a ƙona. Saboda haka a tara dabbobin a kama su tukuna, sannan a fasa kwalba.

Ko kuma an wanke sirinji da bilic ko sifirit. Ɗan abin da ya rage a ciki ya isa ya kashe rigakafi mai rai. Tafasa sirinji da allura ake yi na minti 15 zuwa 20. A riƙa sauya allura a kai a kai, kuma allurar da ta shiga garken wani kada ta shiga naka.

Ko kuma lokacin ne bai dace ba. Jiki yana buƙatar mako 2 zuwa 3 kafin kariya ta kankama, don haka dabbar da cuta ta riga ta shiga jikinta za ta faɗi ko an yi mata allura, sai a ɗora wa allurar laifi. 'Ya'yan da suka sha dakashin uwa mai rigakafi suna da kariyar da ke hana allurar kamawa, shi ya sa ake jiran ɗan akuya ya kai wata 3 zuwa 4 kafin a yi masa ta PPR. Rigakafin saifa ƙwayar bakteriya ce mai rai, idan aka haɗa ta da allurar kashe bakteriya a cikin kwana 7 zuwa 10 an kashe ta. Dabbar da ke fama da yunwa ko tsutsa ma ba ta gina kariya mai ƙarfi.

Sannan akwai yawan waɗanda aka yi wa. Sai kusan kashi 80 cikin 100 na dabbobin yanki sun samu kafin cuta ta rasa hanyar wucewa. Garken da ya yi rigakafi shi kaɗai a tsakiyar maƙwabtan da ba su yi ba kullum yana cikin barazana, don haka yana da kyau masu kiwon da ke haɗa makiyaya da mashaya su sa rana ɗaya.

A kaji, cutar Niyukasil tana iya share ɗaki kakaf idan ba a yi rigakafi ba. Idan ta ruwan sha za a ba da rigakafin LaSota, a janye ruwa awa 1 zuwa 2 don su ji ƙishi, a yi amfani da ruwan da babu kulorin a ciki, a zuba garin madara marar maiƙo giram 2 a kowace lita don ya kare ƙwayar, a ƙara mazuban ruwa yadda kowace kaza za ta samu wuri, su shanye cikin awa biyu. Ga kajin da ke yawo a sake, rigakafin I-2 ya fi jure zafi, ana ɗiga ɗigo ɗaya a ido, a maimaita duk wata 4. Ɗigon ido ya fi ruwan sha tabbas domin ka ga kowace kaza ta samu da idonka.

Rigakafin farko na jariri kuwa dakashi ne. Maraƙi ya sha kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a awanni 6 na farko, ɗan tunkiya da ɗan akuya mililita 50 a kowane kilo cikin awa 2 na farko. Bayan awa 24 hanji ya rufe, kariyar ba ta ƙara shiga jini. A tsoma cibiya a aidin tun a ranar.

Gane ta da wuri

A duba garke da sassafe kafin a tashe su. Wadda ta ware kanta, ta daina tuƙa, kunnuwa suka faɗi, ko nononta ya ragu farat ɗaya, a auna ta. Ma'aunin zafi ƙaramin abu ne amma ya fi kowane kayan aiki amfani a nan. A sa shi a dubura ya taɓa bango. Saniya lafiyayya tana tsakanin digiri 38 da 39.3, sama da 39.5 da safe zazzaɓi ne. Akuya da tunkiya sama da 40. A kaji abin dubawa shi ne yawan abinci da ruwan da suka ci jiya, da ƙwan da suka yi, domin waɗannan ke faɗuwa kafin mutuwa ta fara.

Dalala mai igiya da ɗingishi da bororo a harshe, kofato ko kan nono, boru ake zargi. Zazzaɓi da kwantsa da majina mai bushewa a hanci, gyambo mai wari a baki sannan zawo a awaki, PPR. Saniya ta tsaya ta miƙa wuya ta buɗe ƙafafun gaba tana nishi da tari, ciwon huhu. Ɗan bijimi mai ƙiba ya kwana da ɗingishi, cinya ta kumbura tana ƙara kamar iska a ƙarƙashin fata idan an danna, harbin daji. Ɓari a watannin ƙarshe na ciki tare da maƙalewar mabiyiya, bakkale. Kaji suna koren zawo wuya yana murɗewa, ko suna mutuwa da yawa dare ɗaya zanko ya kumbura ya yi shuɗi, Niyukasil ko murar tsuntsaye, kuma ido ba ya raba su sai ɗakin gwaji. Ƙa'ida mai sauƙi: dabba biyu ko uku da alama iri ɗaya cikin 'yan kwanaki, ko mutuwar farat ɗaya da ba a san dalilinta ba, a ɗauke ta annoba har sai likita ya ce ba ita ba ce.

Ranar da ta ɓarke

Abu na farko, kafin magani, kafin komai, a rufe ƙofa. Dabba ba ta fita, ba ta shiga. Taki, ƙwai, nono ɗanye da kayan aiki ma su tsaya. Mun san wannan ne mafi wuya, domin zuciya tana raya wa mai dabba ya yi maza ya sayar da masu sauran lafiya kafin su faɗi. Waɗannan masu kama da lafiyar su ne ke cikin kwanakin ɓuya, kuma su ne ke mayar da asarar gida ɗaya ta zama ta yanki gaba ɗaya.

A raba garken uku: marasa lafiya, waɗanda suka cuɗanya da su, da waɗanda ba su haɗu da su ba. Kowane rukuni da kayansa, in da hali da mai kula da shi. Idan mutum ɗaya ne, ya fara da masu lafiya ya ƙare da marasa lafiya. A daina kai su mashaya da makiyayar da ake haɗuwa, a kawo musu ruwa da abinci inda suke.

A kira likitan dabbobi na hukuma a ranar. Boru, PPR, ciwon huhu, saifa, murar tsuntsaye da Niyukasil duk cututtuka ne da dokokin ƙasashe ke wajabta kai rahotonsu, kuma hukuma ce ke da ikon yin rigakafin zobe a garkunan da ke kewaye, ko ba da umarnin kashewa inda doka ta tanadi haka. A sanar da maƙwabta. A rubuta wa likita duk abin da ya shiga ko ya fita a mako uku da suka wuce, ranar da alama ta fara, nawa suka kamu, nawa suka mutu, da shekarunsu. Samfurin gwaji ya fi kyau a ɗauka kafin a fara magani, daga dabbar da ta fara ciwo kwanan nan, a ajiye shi a sanyi.

Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos. A boru, PPR da Niyukasil, waɗanda bairos ke kawowa, aikinsa kawai tare cututtukan da ke biyo baya, irin su ruɓewar kofato da ciwon haƙarƙari. Abin da ke ceton dabba shi ne jinya: inuwa, ruwa a kusa, abinci mai laushi ga mai gyambon baki, ruwan gishiri da sukari ga mai zawo, busasshiyar ƙasa ga mai ciwon kofato, da korar ƙuda daga rauni. Maruƙa suna mutuwa farat ɗaya da boru saboda yana kama zuciyarsu, don haka a tafasa nonon da za a ba su. Idan likita ya rubuta magani, a auna nauyi a ba da cikakken awo har ƙarshen kwanakin. Allurar oksitetrasaiklin mai dogon aiki, mai ƙarfin kashi 20, mililita 1 ce ga kowane kilo 10, wato saniya mai kilo 300 tana buƙatar mililita 30 a raba wuri biyu a tsoka. Rabin awo yana kwantar da alama ne ya bar ƙwayar ta koyi jure maganin. A kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin a sha nono ko a ci nama.

Mai jinya ya kare kansa. Saifa, bakkale, tarin fuka, haukan kare da murar tsuntsaye duk suna kama mutum, kuma a 2024 an samu murar tsuntsaye ta H5N1 a shanun madara a Amurka har ta kama wasu ma'aikatan gona. Safar hannu wajen taɓa ɓari da mabiyiya, takunkumi a ɗakin kaji, tafasa nono, kuma yara da masu juna biyu su nisanci wurin.

Mushe

Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, ta kumbura da wuri, jikinta bai sandare ba, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci, baki ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ja ta a ƙasa. Ƙwayar saifa idan ta haɗu da iska tana yi wa kanta ɓawo mai tauri ta zauna a ƙasa shekaru gommai, a cikin mushen da ba a buɗe ba kuwa ruɓewa ce ke kashe yawancinta. A toshe kafofin da tsumma, a rufe mushen daga karnuka da ungulu, likita ya ɗauki ɗigon jini a kunne, sannan a ƙona shi a wurin har ya zama toka, tare da ƙasar da jinin ya taɓa.

Sauran mushe a ƙona ko a binne a rami mai zurfin kusan mita 2, ƙasa aƙalla mita 1 a samansa, nesa da rijiya da rafi, kuma ba a inda ruwa ke kwanciya ba. Ɓari, mabiyiya, matattun kaji da shimfiɗar marasa lafiya duk hukuncinsu ɗaya. Jefa mushe a bola ko a rafi, da yanka dabbar da ke gargara don a sayar da naman, su ne hanyoyi biyu da cuta ke tsallakawa zuwa garken gaba da kuma cikin mutane.

Kafin a sake buɗe ƙofa

Ana fara ƙirga ne daga ranar da dabba ta ƙarshe ta warke ko ta mutu, kuma a jira aƙalla kwana 21 zuwa 30 ba tare da sabon kamu ba, ko abin da hukuma ta yanke. Takin da aka kwashe a tara shi tudu guda a rufe da leda ya yi makonni yana zafi kafin a kai gona. Ɗakin kaji bayan wanki da feshi ya zauna fanko aƙalla kwana 14, bayan murar tsuntsaye kuwa sai hukuma ta ba da izini. Kayan katako da igiyoyin da ba sa wankuwa a ƙona su. Idan za a sake zuba dabbobi, a fara da 'yan kaɗan waɗanda aka yi wa rigakafi mako 3 kafin su iso, a sa musu ido mako uku ana auna zafinsu, sannan a kawo sauran. Shanun da suka warke daga ciwon huhu, da waɗanda gwaji ya nuna suna da bakkale ko tarin fuka, kada a sayar wa mai kiwo kuma kada a mayar da su cikin garke. Mayanka mai likitan duba nama ce wurinsu.